Ranar da Jirgi Ya Bar Ni a Finisiya

Nafisa, ke kika faɗa, kuma na ji ki, ko da yake kin ɗauka ƙarar famfon kicin ta toshe min kunne. Kuna falo ke da Sadiƙ kuna kallon hotunan tafiyarmu Italiya, sai kika rage murya.

"Dubi Umma. Ko a hoto ba ta tsayawa kusa da Yayarmu. Ni fa ban taɓa jin ta kira sunanta ba."

Gaskiyarki, ba ki taɓa ji ba. Ban tanka miki a ranar ba, don hannuna na cikin kumfa kuma maganar ta fi ƙarfin tsaye. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa muku yadda abin yake, kada wata rana bayan raina ku riƙa ba 'ya'yanku labarin kakarsu mai busasshiyar zuciya. Ku 'ya'yan Alƙahira ne. A Hayyin Ashir aka haife ku, kun tashi kuna ganin matan Misirawa suna leƙowa ta baranda suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, ya habibi, ya ruhi, suna rungumarsu a tsakiyar titi ko kunyar mai kayan miya ba sa ji. Shi ya sa kuka auna ni da mudun da ba nawa ba. A gidanmu a Zariya mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai har wani ya ɗaga shi. Alkunya ke nan, a cikinta aka raine mu. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan 'yarta ta fari ba, wato Yaya Asabe, wadda kuke kira Mamin Ma'adi, Allah ya jiƙanta. "Waccan" take ce mata. Amma ranar da aka kai waccan ɗin ɗakin miji, ni na ga Inna a bayan rumbu tana goge ido da gefen zane.

Yaya Asabe ta riga ni zuwa Masar. Mijinta yana aiki da wani kamfanin jigilar kaya, suna zaune a Ma'adi, unguwar itatuwa da shiru, inda karnuka ma ba sa haushi sai da dalili. Ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuma na zo ina amarya, Abbanku yana ɗalibi, ɗakinmu ɗaya a cikin shaƙƙa, wato gidan hayar wasu Sudaniyawa, littattafansa sun fi kayan ɗakina yawa. A nan na haifi yayarku. Da lokacin yaye ya yi, al'ada ita ce a kai yaro wurin wata babba ya manta da nono, to wa nake da shi a duk faɗin ƙasar nan in ba Yaya ba? Ni na goya ta da kaina, na hau 'yar bas ɗin nan mikrobas, na shiga jirgin metro, na sauka a Ma'adi. Da kwanakin yaye suka cika na koma ɗaukarta, na tarar Yaya ta saya mata ɗan gado, ta zauna a ƙasa kusa da gadon tana kallonta tana barci, fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya tilasta ni. Ku riƙe wannan da kyau, don na ji ana cewa an ƙwace min 'ya.

"Yaya, ki riƙe ta," na ce. "Ai taki ce."

Na fito ina jin kaina kamar wata gwarzuwa. Sai da na zauna a metro, rigata ta jiƙe da nono har wata Bamisiriya ta miƙo min hankici, sannan na gane abin da bakina ya yi.

Tun daga nan kowace Juma'a muna Ma'adi, kuma kowace Juma'a ina komawa gida da wani abu yana cina. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. Ba na mota ba, ba na gidansu mai lifta ba, waɗannan ko a jikina. Kun san Misirawa, mace ba ta da suna sai na ɗanta. To bawwab mai gadin gidansu da mai sayar da burodi da matar da ke zuwa shara, duk Ummu wance suke ce wa Yaya, da sunan yarinyar da ni na yi naƙudarta. Ita kuwa Yaya sunan nan ba ya barin bakinta, ta kira shi da safe, ta kira shi da rana, ta ja shi, ta gajarta shi, ta yi waƙa da shi. Yarinya ta buɗe baki tana ce mata Mami, ni kuma Antin Ashir. Ni in zan yi maganarta sai in ce 'yar Ma'adi, in kuma da ita nake sai in ce "ke". Ta san ni na haife ta, ba a ɓoye mata ba, amma sani daban, sabo daban. In ta faɗi a gabana sai in kau da kai yadda aka koya min, kafin in waiwayo Yaya ta ɗauke ta tana hura mata gwiwa. Abbanku ya sha ce min, "Ummu Sadiƙ, nan fa ba Zariya ba ce, ba wanda zai yi miki dariya." Sai in ce masa alkunya ba don 'yan kallo ake yin ta ba.

Haka ta girma, ta yi makarantar Turawa, ta iya harsuna, ta samu aikin tafinta a wani ofis a can Ma'adi. Shekarar da nake ba ku labari, ofis ya tura ta taro Italiya, ta ce in an gama za ta ƙara 'yan kwanaki ta ga garin nan da Turawa ke kira Venice, Misirawa kuma Finisiya. Ta zo har Ashir ta same ni ina tankaɗe.

"Anti, zan kai Mami ta ga garin da ke cikin ruwa. Ina so ki zo mu tafi tare. Na fara neman biza."

"Ita Mamin taki ta sani?"

"Ai tun watan jiya muke shiri."

Tun watan jiya. Har sun sayi takalman tafiya iri ɗaya, ni sai da aka gama ƙulla magana aka tuna da ni. Na so in ce gwiwa ba za ta bar ni ba, amma a lokacin gwiwata lafiya lau, ta Yaya ce ke ciwo. Abbanku ya ce in je, 'yata ce ta gayyace ni. Na ce masa 'yar mutane dai. Duk da haka na ɗinka atamfa sabuwa, na sa aka yi min lalle wurin maƙwabciyarmu Basudaniya, don ba zan je ƙasar Turawa in zama 'yar rakiya kuma in yi kama da 'yar rakiya ba.

Garin kam abin kallo ne, ba zan rage masa ba. Ba mota, ba mikrobas, ba keken tuk-tuk, ba mai danna maka oda a kunne. Titinsu ruwa ne. Gidaje tsofaffi masu tagogi kamar an yi musu zanen hula suna tsaye a cikin ruwa, ruwan yana lasar ƙofofinsu, gansakuka ta yi kore a matakala. A Zariya in ruwa ya zo ƙofar gida haka, kuka ake yi ana kwashe kaya, su kuwa hoto ake zuwa ɗauka. Jirgin ruwa ne motar hayarsu, yana tsayawa tasha tasha, a cika shi maƙil kamar motar tashar Ramsis da yamma, sai dai ba kwandasta mai ihu. Akwai kuma wasu baƙaƙen kwalekwale masu dogon wuya, matuƙansu a tsaye da riga mai ratsi, suna bi ta lungunan da in ka miƙa hannu za ka taɓa bango. Na ga duk wannan, amma da gefen ido na gan shi. Tsakiyar idona tana kan hannun yayarku, wanda tun daga filin jirgin sama yake saƙale da na Yaya Asabe. Gadoji ne a garin ba iyaka, kowace da matakala, kuma a kowace sai ta tsaya ta ce, "Mami, a hankali, ɗora nauyinki a kaina." Ni ina baya da jakar ruwa da laima.

Mun shiga fadar sarakunansu na da. Ɗaki ɗaya ya fi masallacin unguwarmu girma, rufinsa duk ruwan zinariya, bango kuma zane ne na mutane da jiragen yaƙi tun daga ƙasa har sama, har wuyanka ya gaji. Yayarku tana karanta bayani tana fassarawa, amma fuskarta na wajen Yaya, ni sai abin da ya faɗo nake tsinta. A kan wata gada suka tsaya, ta miƙo min wayarta.

"Anti, ɗauke mu. Ki tabbata ruwan ya fito."

Ruwan ya fito. Su ma sun fito, kumatu manne da kumatu. To ga amsar tambayarki ta farko, Nafisa. Yawancin hotunan da ba ki gan ni a ciki ba, ni ce a bayan wayar. Waɗanda kuma nake ciki, in ta matso kusa da ni sai ƙafata ta ja da kanta, don tun tana zanen goyo haka ƙafar ta saba.

Kusa da fadar akwai babban cocinsu. Na ɗan yi turus a ƙofa, sai na tuna Abbanku ya ce kallon gini ba laifi ba ne, na yi bisimilla a zuciya na shiga. Ciki duhu duhu, amma sama tana walƙiya, an jera 'yan ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya har sun rufe ko'ina. Yayarku ta ce wai don wani waliyyinsu aka gina shi, kuma gawarsa daga Iskandariyya aka kawo ta. Wasu fatake ne suka ɗauko ta a ɓoye, suka sa a kwando suka rufe da naman alade, don sun san Musulmin da ke gadin tashar ruwa ba za su sa hannu su bincika ba. Yaya Asabe ta kama baki tana dariya, tana cewa lallai fataken nan sun san mu. Ni ban yi dariya ba.

"Su mutanen Iskandariyyar ba su biyo abinsu ba?" na tambaya.

"Haba Anti," in ji yayarku. "Ai ya riga ya zama nasu. Dubi irin gidan da suka gina masa."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani. Amma na ɗaga kai na sake duban zinariyar nan, na tuna ɗan gadon Ma'adi da ɗakinmu ɗaya na Ashir, sai na ce musu iska nake so, na fita na tsaya cikin tattabaru.

Daga nan muka zauna a wani gidan shan gahawa a bakin filin da ke gaban cocin, irin mai kujeru a waje, wasu maza da fararen kwat suna goga goge kamar ana biki. Mai kawo abinci ya zo. Yayarku ba ta ko dubi Yaya ba ta yi masa bayanin abin da za a kawo mata, gahawa da madara, ba sukari, ta kuma buɗe jakarta ta ciro ƙwayar maganin Yaya ta ajiye mata a gefen faranti. Sannan ta juyo.

"Anti, ke me kike sha? Gahawa?"

Ni da ban taɓa kai gahawa bakina ba. Duk Hayyin Ashir, har yaron shagon ƙasa, an san shayi nake sha, baƙi, da na'ana'a. Na ce a kawo duk abin da aka ga dama. Aka kawo min wani ɗan kofi kamar na wasan yara, abin ciki baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, na shanye shi tas don haushi. Mutumin ya dawo yana murmushi, ya nuna Yaya ya nuna yarinya, ya ce "mamma", ya zagaya fuskarsa da yatsa, wai suna kama. Suka yi dariya, Yaya ta ce masa na'am da ka. Ku dubi yayarku da kyau in ta zo. Goshin nan nawa ne, wushiryar nan tawa ce, har yadda take ɗage gira ɗaya in ba ta yarda da magana ba. Bature ya rasa wadda zai ba ita sai mai riƙe da hannunta. Na ji kamar in tashi in kife teburin, amma sai na gyara mayafina na ce gogen nan yana da daɗi.

Da la'asar muka nufi tashar jirgi za mu koma masauki. Tashar wani ɗaki ne a kan ruwa, yana lilo, mutane sun cika shi. Jirgi ya zo, aka buɗe, jama'a suka danna. Yayarku ta rungumo Yaya ta tsallakar da ita, ni kuma wasu dogayen Turawa masu jakunkuna a baya suka shiga tsakaninmu. Kafin in kutsa, ma'aikacin jirgin ya ja ƙarfe ya rufe hanya, ya ɗaga min hannu, wai ya cika. Sai a lokacin na tuna layin wayata na Masar ne, ba ya aiki a can, kuma ko sunan masaukinmu ban riƙe ba, don tunda muka zo bin bayansu kawai nake yi. Ina hango su, ba nisa. An ba Yaya wurin zama, yayarku tana tsaye a kanta, ta ba ni baya. Mutumin ya fara kwance igiya.

"Ke," na ce. Na ƙara ɗaga murya. "Ke, 'yar Ma'adi."

Wa zai ji "ke" a cikin wannan hayaniya? Injin ya yi gurnani, ruwa ya fara buɗewa tsakanin jirgi da tasha. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da na fara sauka a Alƙahira. Sai na buɗe baki na kira sunanta. Sunan da aka raɗa mata ina kwance a bayan labule, wanda tun ranar ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Ya fito da wata irin murya kamar ba tawa ba. Na ga bayanta ya ɗan ƙame, amma ba ta juyo ba. Na sake kira, da ƙarfi, har Turawan da ke kusa da ni suka dube ni. Ba ta juyo ba. Yaya Asabe ce ta ɗago kai ta hango ni, ta zaro ido, na ga leɓenta ya motsa, a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba. Nan take yarinya ta sunkuya wajenta, sannan ta waiwayo. Lokacin jirgi ya riga ya yi nisa, sai hannu take ɗaga min, wai in tsaya a nan.

Na fito daga tashar na zauna a matakalar wani ƙaramin coci da ke fuskantar ruwa. Ba ɓata ne ya dame ni ba, na san za su dawo. Abin da ke cina shi ne na karya abin da na riƙe tun ƙuruciya, na tsaya a gaban Turawa ina ihu da sunan 'yar fari kamar mahaukaciya, kuma a banza. Ta ji muryar Yaya da ko sauro ya fi ta ƙara, tawa kuwa ba ta san ta ba. Kwalekwalen nan suna ta wucewa da masoya, wani matuƙi har da waƙa, ni ina zaune da laima da jakar ruwa ina kuka a cikin mayafi.

Suka dawo a jirgi na gaba. Yayarku ta sauko da gudu ta riƙe kafaɗata tana haki, tana ma'alish, yi haƙuri, Anti, na ɗauka kina bayana. Yaya ta ƙaraso tana ɗingishi.

"Ai ta kira ki," in ji Yaya. "Da sunanki ta kira ki."

Yarinya ta sunkuyar da kai. Na jira, ba ta ɗago ba. Na miƙe na kakkaɓe zanena na ce yalla, mu tafi, rana tana faɗuwa.

Da muka dawo Alƙahira na yanke shawara, na daina zuwa Ma'adi ranar Juma'a. Ban yi faɗa da kowa ba. In Yaya ta bugo waya sai in ce aiki ya yi yawa, ɗalibai sun yi odar waina, ko marasa lafiyan da ke zuwa asibiti daga gida suna jiran tuwo. Ku kuna tafiya da Abbanku, kuna dawowa da kwanon dambun da ta aiko min, ina ba maƙwabta. Na ce a raina tunda ta samu 'ya har da kunnuwanta, to ta riƙe, ni ma a bar ni in huta da kallo. Ban san cewa watannin nan su ne na ƙarshe da ni da 'yar'uwata za mu yi a gari ɗaya ba. Mijinta ya ajiye aiki, suka fara ɗaure kaya za su koma Zariya. Ana saura 'yan kwanaki sai ga ta a Ashir, ta hawo benen nan namu marar lifta da wannan gwiwar, ta zauna a bakin gadona tana mayar da numfashi. Na kawo mata ruwa, na zauna nesa.

"Ladi," ta ce, "na ce ta biyo mu, ta ƙi. Ta ce a nan za ta zauna."

"Saboda aikinta."

"Haka ta ce." Ta juya kofin a hannunta. "Kina ganin ni na ci riba, ko? Kullum ranar Juma'a tun tana 'yar mitsitsiya a bakin taga take yini, tana jiran ki ɓullo. In kin shigo sai ta yi ta zarya a gabanki, ta faɗi da gangan, ko za ki ɗaga ta. Ni nake ɗagawa, amma ba ni take kallo ba. Kin ɗauka ke kaɗai kika iya kishi?"

Ta ajiye kofin, ta ci gaba.

"Ni 'yar fari ce, Ladi. Har Inna ta rasu ina jiran abu ɗaya. Shi ya sa nake kiran yarinyar nan dare da rana, don kada ta rasa. Amma nawa bai ƙosar da ita ba."

Da na iya, da na tashi na rungume ta. Amma zuciyata tana nan a tashar jirgin, ta ƙi sauka. Na ce mata Allah ya kiyaye hanya, ta gaida mutanen gida. Na raka ta bakin ƙofa, na tsaya ina jin takunta tana sauka, mataki ɗaya, hutu, mataki ɗaya. Ban je filin jirgi ba. Mun ci gaba da waya bayan haka, mun yi dariya ma, amma ban sake ganin fuskarta ba sai a allon waya, har Allah ya karɓi abinsa. Wannan shi ne abin da Finisiya ta ci min, kuma ba wanda zai biya ni.

Juma'ar farko bayan tafiyarsu, da hantsi, ina kicin ina suyar waina, aka ƙwanƙwasa. Yayarku ce, ita kaɗai, ta sha metro da mikrobas, ga ledar lemo a hannu. Kuna falo kuna kallo, ta gaisa da ku ta wuce wurina, ta jawo 'yar kujera ta zauna kusa da tanda. Muka gaisa. Na ci gaba da zuba ƙullu. Ta daɗe tana kallon hannuna.

"Ranar nan a jirgi," ta ce, "na ji ki."

Ban ɗago ba.

"Tun kiran farko na ji. Wallahi na ɗauka kin shigo, kina bayana cikin mutane. Ban san an rufe ki a waje ba." Ta gyara zama. "Na san in na juyo za ki koma ce min ke. Shi ne na tsaya, ko za ki sake. Da kika sake, na ce bari in ƙara ɗaya."

Na riƙe cokalin juyi, na rasa inda zan sa idona. Ga goshina, ga wushiryata, zaune a kan kujerar tsugunno da kayan ofis, mace ta isa aure har ta gota, tana jiran abin da ake ba jariri kyauta. Na tuna Inna a bayan rumbu, na tuna Yaya tana sauka a bene. Man tanda ya ƙare, kwalbar tana bayanta.

"Ke, miƙo min man nan," na ce.

Ba ta motsa ba. Ta ɗage gira ɗaya, ta naɗe hannu, tana kallona. Hayaƙi ya fara tashi. Na leƙa ƙofa na ga ba kowa, don har yau a gabanku ba zan iya ba, kuma kada ku sa rai.

"Safiya," na ce. "Miƙo min man."

"Na'am, Umma."

Wainar ranar ce ta ƙone, Nafisa, wadda kika ture kika ce ban taɓa yin marar daɗi irinta ba.